Kuɗin Namu Ne, Amma Sirrin Ba Namu Ba Ne

Yau ba sanarwar taro ko ta ɗaurin aure muka zo da ita ba. Wani kuskure ne mu shugabannin ƙungiya muka tafka, muka ga gara mu faɗe shi da bakinmu ko wani zai tsira daga irinsa. Wanda abin ya shafa ya karanta rubutun nan kafin mu saka shi, ya cire abin da ya cire, ya yarda da sauran. Ba za mu kama sunansa ba, kuma duk wanda ya gane shi muna roƙonsa don Allah ya bar abin a cikinsa.

Ɗan'uwan namu direba ne, ya daɗe yana jigilar fasinja da bandar kifi tsakanin Gashuwa, Damaturu da Maiduguri. A 2013, lokacin da hanyar Damaturu zuwa Maiduguri ta zama abin da kowa ya sani, wata rana layinsa ne ya fita da mota, sai ya tashi da zazzaɓi, ya miƙa wa ƙanensa makulli. Ƙanen bai dawo ba. Aka yi zaman makoki, kowa ya ba shi haƙuri, shi ma ya ce haka Allah ya ƙaddara. Ya ɗauki 'ya'yan marigayin ya haɗa da nasa, ya sauya layi zuwa Nguru da Haɗejiya, rayuwa ta ci gaba. A idonmu mutum ne mai tawakkali, har misali muke bayarwa da shi idan an yi wa wani rasuwa.

Sai bayan shekara tara abin ya taso. Babban ɗan marigayin ya tasa, ya ɗauko kamannin ubansa sak har tafiyar, wata rana ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, ina so ka koya mini mota." Tun daga wannan makon barci ya ƙaurace wa bawan Allahn nan. Ya rame, ya daina zuwa majalisa, ya jingine mota, abu kaɗan sai faɗa da iyali. Kun san yadda ciwon ƙoda ya sa kowa a garin nan cikin fargaba, don haka shi muka fara zargi. Aka yi gwaji, ƙoda lafiya lau. Aka yi addu'o'i, aka yi ruƙiyya, ya ɗan samu natsuwa kwana biyu, abin ya sake dawowa.

Da magana ta zo gaban ƙungiya, muka yanke a taɓa asusun taimakon marasa lafiya. Wani ya kawo shawarar asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya da ke Maiduguri, shi kuwa ya ce ko gawarsa bai yarda a bi da ita ta wannan hanya ba. Sai muka bi da shi ta Nguru da Haɗejiya zuwa wani asibiti a Kano. Ba kwantar da shi aka yi ba, kuma ba Dawanau ba ne, don mun ji masu tsegumi sun fara yaɗa hakan. Likitan ƙwaƙwalwa ya duba shi, ya rubuta masa maganin da zai taimaka masa da barci da damuwa, sannan ya haɗa shi da wani matashi masanin halayyar ɗan'adam. Shi wannan ba ya rubuta magani, ba ya allura. Aikinsa shi ne su zauna su biyu a ɗaki, kusan awa guda, rana ɗaya a mako, a lokaci ɗaya da ba ya canzawa. Saboda nisa, sau biyu a wata yake zuwa Kano, sauran makonnin ta waya suke yi. Mu dai Likita muke ce masa, haka za mu ci gaba da kiransa a nan.

Bayan wata huɗu, ma'ajinmu ya buɗe littafi a taron wata ya ce shi fa bai gane abin da muke biya ba. Ga rasit na kuɗin mota, ga na asibiti, amma mutum yana nan yadda yake, wani lokacin ma idan ya dawo daga Kano sai ya fi shiga ƙunci. Wani dattijo a cikinmu ya ce idan hira ce magani, ai muna da majalisa kyauta a ƙofar gidan ciyaman, har da shayi. Aka yi dariya, mu ma muka yi. Aka tsayar da cewa ciyaman da sakatare su kira Likita su ji abin da ake ciki, da kuma abin da ɗan'uwanmu yake faɗa masa da ya ƙi faɗa mana.

Mun kira shi. Ya saurare mu har muka gama, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, na gode da ɗawainiyar da kuke yi, ba don ku ba da bai iso wurina ba. Amma abin da ya faɗa mini a ɗakin nan nasa ne. Ko amsa wayarku da na yi, sai da na nemi izininsa tukuna."

Ciyaman ya ce, "Likita, mu fa muke biya."

Ya ce, "Na sani, Alhaji, Allah ya saka da alheri. Idan kuna son sanin halin da yake ciki, ku tambaye shi. Idan ya ga dama ya zo da ɗaya daga cikinku, sai mu zauna mu uku. Abu ɗaya ne zai sa in neme ku ba da yardarsa ba, shi ne idan na ga ransa ko ran wani yana cikin haɗari, kuma wannan na gaya masa tun ranar farko."

Gaskiya ranmu ya ɓaci. Yaro ne da bai wuce sa'ar ƙannenmu ba, ya hana mu labarin mutumin da muka tashi tare, muka yi wanka a kogi tare, muka je ɗaurin aurensa. A taro na gaba aka yanke cewa an ba da wata biyu, idan ba a ga canji ba a tsayar da tallafi. Da hannunmu muka rubuta wannan a littafin taro, yana nan har yau.

Ranar da wa'adin ya cika, ɗan'uwanmu ya shigo taron da kansa ba tare da an gayyace shi ba. Ya nemi izinin magana, ya ba mu labari biyu, su ne kuma ya yarda mu rubuta.

Na farko na kifi ne. Kun san mutumin Gashuwa ba ya zuwa wurin wanda yake ganin girmansa hannu rabbana. Zuwansa na biyu ya kai wa Likita banda mai kyau, Likita ya karɓa ya yi godiya. Daga nan sai ya zama kullum da abin da zai riƙa, yau kifi, gobe shinkafar fadama, har ya kai ga yankar masa shadda, alhali ga mota a jingine ba abin da ke shigowa. Ran nan Likita ya dubi ƙunshin ya ce, "Malam, me kake jin zai faru ranar da ka zo ba ka riƙo komai ba?" Ya ji kamar an watsa masa ƙasa a ido. Ya ɗauki kayansa ya fita, ya yi mako biyu bai ɗaga waya ba. Likita bai bi shi da magiya ba, bai kuma yi fushi ba. Saƙo ɗaya ya tura masa kowane mako, cewa lokacinsa yana nan, ba a ba kowa ba. Da ya koma, shi da kansa ya ba da amsa: ji yake idan bai biya ba, ba wanda zai jure zama da mutum irinsa. Ya ce sai a ranar ya lura cewa shekara tara ke nan yana biyan wani bashi da ba wanda ya bi shi, a gidan marigayi, a wurin mahaifiyarsu, a ko'ina, kuma bashin ba ya raguwa.

Na biyu shi ne ya sa ɗakin taro ya yi tsit. Wata rana a ƙarshen zama Likita ya sanar da shi cewa mako mai zuwa ba za su haɗu ba, aiki zai kai shi Maiduguri, kuma ta mota zai bi. Ɗan'uwanmu ya ce bai san lokacin da ya miƙe tsaye ba. Ya dinga ɗaga murya, yana cewa ba inda za ka, ka ba ni makullin, ni zan je. A cikin faɗan ya kira Likita da sunan ƙanensa. Likita ya bari sai da ya zauna, numfashinsa ya dawo, sannan a hankali ya ce, "Wa ka kira yanzu?" Ya ce a nan ya yi kukan da bai yi ba ranar makoki, don a ranar shi ne babba, shi ke karɓar gaisuwa. Likita ya yi tafiyarsa, ya dawo lafiya, mako na gaba wayarsa ta shigo a daidai lokacin da aka saba. Ɗan'uwanmu ya ce a wannan dare ya yi barcin da ya manta ana yin irinsa.

Bai ƙara komai a kan haka ba. Abin da ya faɗa wa Likita a sauran watannin, har yau ba mu sani ba, kuma mun daina son sani. Ma'aji ne da kansa ya kawo ƙudurin a soke wa'adin.

Bayan nan muka shiga tambayar masana da ɗan karance-karance, don mu ba likitoci ba ne. Ashe abin da ya faru a ɗakin nan sananne ne a wannan fanni fiye da shekara ɗari. Jinya ta hanyar magana ta samo asali ne a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, inda a 1895 likitoci biyu, Josef Breuer da Sigmund Freud, suka fitar da littafi kan marasa lafiyar da jikinsu ke ciwo alhali ba a ga cuta ba. Wata majinyaciyar Breuer, wadda suka sakaya sunanta da Anna O., ita ce ma ta laƙaba wa hanyar sunan magani ta hanyar magana. Daga nan reshen da ake kira jinya mai zurfi ya fito, wato wadda ba ta tsaya kan ba da shawara ba, tana bin saiwar damuwa har cikin abin da mutum ya binne ya manta ya binne.

Freud ya lura cewa idan zama ya yi nisa, majinyaci yakan fara ɗaukar likita kamar wani mutum na rayuwarsa ta baya, uba ko uwa ko ɗan'uwa, ya sauke masa so ko tsoro ko fushin da asalinsu na wancan ne. Mu a Hausa sai mu ce aron fuska. Da farko ya ɗauke shi cikas. Akwai wata yarinya da ya kira Dora, wadda ta watsar da jinya bayan mako goma sha ɗaya kacal, kuma a rubutun da ya fitar a 1905 ya amsa cewa bai farga da wannan aron fuska da wuri ba. Daga baya ya gane cewa nan ne aikin yake. Abin da mutum ba zai iya ba da labarinsa ba, zai aikata shi a gaban likita, kamar yadda ɗan'uwanmu ya miƙe yana neman makulli. Bambancin shi ne wannan karon akwai wanda zai tsaya, bai gudu ba, bai rama ba, ya ce mu duba abin nan tare. Masana da yawa sun yi watsi da wasu ra'ayoyin Freud, mu ma akwai maganganunsa kan addini da ba mu tare da su ko kaɗan. Amma wannan abu guda mun gan shi da idonmu.

Wani masani a Amurka, Edward Bordin, ya bayyana a 1979 cewa haɗin kan likita da majinyaci ƙafa uku gare shi: su yarda kan inda aka dosa, su yarda kan aikin da kowa zai yi, sannan a samu aminci a tsakaninsu. Bincike da aka yi ta maimaitawa tun daga lokacin ya nuna cewa ƙarfin wannan haɗin kai yana cikin abubuwan da suka fi nuna ko jinya za ta yi nasara, ko wace hanya likitan yake bi. To ku duba abin da muka so yi. Da Likita ya buɗe baki ya gaya mana ko da kalma ɗaya, da mun karya ƙafa ta uku da hannunmu, kuma da kuɗinmu.

Maganar dattijonmu ta majalisa ta cancanci amsa, don ba shi kaɗai ke da wannan tunani ba. Majalisa alheri ce, ita ta riƙe da yawa daga cikinmu a shekarun tashin hankali. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, a majalisa ba a barin mutum ya kai ƙarshen magana. Kafin ya rufe baki an ce yi haƙuri, an kawo labarin wanda ya fi shi shiga uku, an rufe da addu'a, an zuba shayi. Duk da kyakkyawar niyya muke yi, amma sau da yawa don mu ne ba za mu iya jure jin abin ba. Sannan a gari irin namu kowa surukin wani ne. Wanda ka gaya wa sirrinka yau, gobe za ku haɗu a sahu, jibi ɗansa zai zo neman 'yarka. Ɗan'uwanmu ba zai iya cewa mahaifiyarsu ga abin da ke cin sa ba, don ita ma ɗa ta rasa. Ba zai iya gaya wa maiɗakinsa ba, don yana ganin shi ne bangon gidan. Mu kuwa mun riga mun naɗa masa rawanin mai tawakkali, ta yaya zai cire shi a gabanmu? Yana buƙatar mutumin da ba ya bin sa komai, ba ya cikin danginsa, kuma ba abin da zai ji ya sauya masa fuska. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Likitan nan sana'arsa ke nan, kuma an horar da shi a kanta.

Wannan ne ya sa ƙa'idojin da muka ɗauka girman kai ne ashe su ne katangar ɗakin. Lokaci ɗaya, wuri ɗaya, ba ziyarar gida, ba bashi, ba hulɗar kasuwanci. Da Likita ya ci gaba da karɓar shadda, da ya zama ɗaya daga cikin waɗanda ake biya bashin. Da ya fasa tafiya Maiduguri don ya kwantar masa da hankali, da ya tabbatar masa cewa lallai ran ƙanensa a hannunsa yake. Tafiyar da ya yi ya dawo ta yi abin da wa'azinmu na shekara tara bai yi ba. Kuma an gaya mana shi ma likita mutum ne, majinyaci yana iya tayar masa da nasa tsohon miki, shi ya sa a ƙa'idar aikin ake so ya kasance yana da wani babba a fannin da yake komawa wurinsa ya duba masa aikinsa, don wanzami ma yana buƙatar mai yi masa aski.

Masu cewa wannan al'adar Turawa ce, muna tuna musu da Abu Zaid al-Balkhi, malamin Musulunci da ya rasu a shekarar 934 miladiyya. A littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus ya yi bayani kan fushi, tsoro, baƙin ciki da waswasi a matsayin cututtukan rai da ke buƙatar kulawa kamar na jiki, ya kuma nuna amfanin mutum ya samu wani amintacce daga waje da zai yi masa magana, saboda mutum ya fi karɓa daga bakin wani a kan abin da yake gaya wa kansa. Ɗan'uwanmu bai bar salla ko addu'a ba ko rana ɗaya. Abin da ya gaya mana shi ne, da bakinsa ya daɗe da yarda da ƙaddara, amma sai yanzu maganar ta sauka cikin ƙirjinsa.

Ba kuma cewa muke dangi ba su da wuri ba. Farfesa Thomas Adeoye Lambo, wanda daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, ya fara wani tsari a Aro kusa da Abekuta a 1954, inda majinyata ke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansu, suna zuwa asibiti da rana. Ya gane cewa ɗan Afirka ba ya warkewa a raba shi da mutanensa. Kuskurenmu shi ne ba mu san inda namu aikin ya tsaya ba. Namu shi ne kuɗin mota, da kula da cefanen gidansa, da raka shi tasha, da toshe bakin masu tsegumi. Aikinmu ya ƙare a bakin ƙofar ɗakin.

Amma a kula. Amanar da ke warkarwa ita ce kuma ake cutar da mutane da ita. Wanda ya buɗe maka cikinsa ya ba ka wuƙa da nama. Duk mai jinya, likita ne ko mai ba da shawara ko mai ruƙiyya, da ya fara neman rance a wurin majinyaci, ko ya fara zancen soyayya ko aure da matar da yake yi wa jinya, ko ya ce kada a gaya wa kowa ana zuwa wurinsa, ko yana ba da labarin wasu majinyatansa da sunayensu, to a tashi a bar wurin. Sirrin na majinyaci ne, shi ke da ikon faɗa wa wanda ya so, mai jinya ne aka ɗaure wa baki. 'Yan uwa mata kuma suna da haƙƙin su nemi mace, ko su nemi wata tasu ta zauna a kusa da ƙofa. Kuma jin haushin likita wani lokaci, kamar yadda ya faru ranar kifi, ba alamar jinya ta lalace ba ce. Likitan kirki zai ba ka dama ka faɗa masa haushin a fuskarsa.

Mun san samun irin wannan kulawa ba sauƙi gare shi ba. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasa ta sha faɗin cewa ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, kuma masu jinya ta hanyar magana da suka iya Hausa ko Kanuri ko Bade sun fi haka ƙaranci. Manyan asibitocin tarayya na wannan fanni da muka fi sani a Arewa suna Maiduguri, da Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, duk tafiya ce daga nan. Dakta Fatima Akilu da gidauniyarta ta Neem sun nuna a Maiduguri cewa ana iya kai masu sauraro har cikin unguwanni a Keke Napep. A watan Janairun 2023 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, kuma ta yi tanadi kan haƙƙoƙin majinyaci har da kare sirrinsa. Wato abin da muka nema a waya ran nan, ba rashin dacewa kaɗai ba ne, haƙƙin mutum muka nemi a take. Muna da jami'ar tarayya a Gashuwa tun 2013, muna da babban asibitin tarayya a Nguru. 'Ya'yanmu masu neman abin da za su karanta su sani cewa wannan ma fanni ne, kuma yankin da ya ga abin da ya faru a Buni Yadi a 2014 da Dapchi a 2018 yana da buƙatarsa ƙwarai.

Jinyar ɗan'uwanmu ta ɗauki shekara ɗaya da watanni. Rabuwar ma ba rana ɗaya aka yi ta ba. Tun saura wata biyu Likita ya sa ranar, suka yi ta magana a kanta, don mutumin da aka raba shi da ƙanensa ba sallama bai kamata a sake yi masa haka ba. Ranar ƙarshe ya je hannu rabbana, da gangan. Ba za mu ce muku ya koma kamar da ba. Har yanzu akwai daren da barci ke gagararsa, kuma da muka yi tafiya da shi kwanaki, a Damaturu ya tsaya, ya ce bai shirya wucewa ba tukuna. Ba wanda ya matsa masa. Amma ya koma kan mota, ya dawo majalisa, kuma duk ranar Juma'a da yamma za ku gan shi a fili bayan gari, yaron nan yana riƙe da sitiyari, shi yana gefe.

Saboda haka a taronmu na ƙarshe mun gyara ƙa'idar asusun marasa lafiya. Daga yanzu ciwon damuwa da firgici suna cikin abin da asusun ke ɗauka, daidai da ciwon jiki. Mai neman taimakon zai sanar da mutum biyu ne kawai daga cikin shugabanni, waɗanda shi ya zaɓa, kuma a littafin ma'aji lamba za a rubuta ba suna ba. Rasit za mu nema, ba labari ba. Ba wani shugaba da zai sake kiran likitan wani ba da izininsa ba. Idan kuma kun ga ɗan'uwa yana maganar ya gaji da rayuwa, wannan ba na jira ba ne, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti mafi kusa a ranar.

Muna neman afuwar ɗan'uwanmu a bainar jama'a kamar yadda muka nema a ɓoye, da ta Likita wanda muka yi wa mummunan zato. Masu yin sharhi a ƙasa, don Allah kada a yi hasashen suna, duk sharhin da ya yi haka za mu goge shi. Allah ya ji ƙan waɗanda muka rasa a kan hanyoyin nan, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na fili da na ɓoye, ya sa mu zama masu riƙon amana. Amin.

Sakataren Ƙungiya, a madadin shugabanni.